Damon Faransa

Shekarar da na dawo Matameye da takardar lakwal, wato ta gama makarantar boko, wani Bafaranshe ya ba ni littafin zane-zane. Zanen da na fi so shi ne na wani ƙaton damo mai fiffike. Ranar kasuwa na buɗe wa jama'a, na yi gyaran murya irin ta masana, na ce, "Dabbar Faransa ce, kiwonta suke kamar awaki."

Sai Baba Tanko, tsohon sojan da ya yi yaƙi can, ya leƙo. "Malam, shekara uku na yi a ƙasar, ko kashinta ban taka ba."

Na ɗauka girmana ya zube ke nan. Ashe zaurena ne zai cika da masu kallon zane. Sai dai har yau mahauta na tambayata, "Malam, yaushe garken zai iso?"