Rasuwar Malam Tansiyo, Ma'aunin Jinin Mata

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗan haushi a gefe, Fadimata, ungozomar gidan likita, tana sanar da mutanen Dakoro rasuwar abokin aikinta Malam Tansiyo, ma'aunin hawan jini. Ya cika ranar Talata da hantsi, cikin wannan rani na 1963.

Marigayi mai faɗin gaskiya ne. In tsofaffi sun ga ƙafar mai ciki ta kumbura suka fara murnar tagwaye, shi sai ya naɗe mata damtse, ya ce “fuf, fuf, fuf”, ya ja dogon “tssss”, allurarsa ta nuna jini ya hau. Daga nan Fadimata kan dafa fitsari a kwalba. In ya yi gajimare, ta san ƙoda ta gaji, dattin da ya kamata ya fita yana taruwa cikin jini, jijjiga tana tafe. Mata da yawa ya ƙwato daga hannun masu cewa iska ce.

Ajalinsa ya zo ta hannun maza. Alhazan kasuwa sun yanke cewa matsar damtsen ita ce maganin, suka riƙa layi kowace safiya a matsa su su ji ƙarfi. Sau uku mai liƙin taya yana liƙe 'yar salkarsa ta iska. Sau biyar Fadimata tana rubuta takarda can sama a aiko da magaji, har yau ana dubawa. A damtsen Alhaji Cindo mai gyaɗa marigayi ya yi “fuf” ɗaya ya yi shiru.

Ya bar kwalba ɗaya, fitila ɗaya, da mata masu ciki talatin da ɗaya. Cikinsu har da Safi matar Jimrau ta Korahane, mai wata takwas, wadda zobe ya daina fita daga yatsanta, kai yana sara mata. Awon ƙarshe ya nuna jininta ya hau har sha bakwai, alhali na mai lafiya sha biyu ne. Na yau babu mai faɗi.

Ba za a yi zaman makoki ba, an zauna ya isa. Gobe bayan asuba za a ɗauki gawa a motar Alhaji Cindo, tunda a hannunsa aka cika, a kai Maraɗi a shimfiɗe kan teburin mai duba takardu. Safi ce 'yar rakiya, don likitan can ya duba ta, kuma gaban mota za ta zauna. Alhaji ya hau kan buhuna.