Yadda Za Ka Samu Kujera a Teburin Masu Tara Lambobin Yaƙi

Ni ban yi jami'a ba. Famfo nake gyarawa, kuma abin da na sani game da tsofaffin lambobin yabo na sarakunan Jamus, da kaina na koya cikin shekara ashirin da shida. Don haka ka yi shiru ka saurara. A garinmu nan yankin Bavariya na Jamus, masu tara lambobi suna zama duk Alhamis a tebur guda, a gidan abinci na bakin kasuwa. Kujera takwas ce, ɗaya tawa, ba a ƙarawa, sai wani ya mutu. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawarin ɗaya, ko da kai ne mai shiga ƙarƙashin gado in an buga ƙofa da ƙarfi. Mijin ƙanwata, Wendelin, ya nemi kujerar da mai ita ya mutu bara. Da shi zan riƙa yi maka misali.

1. Ka nemi kaka

Lamba ba ta tafiya ita kaɗai, sai da jarumi a bayanta. In kakan kakanka burodi ya gasa har ya mutu, je kasuwar tsofaffin kaya ka sayi hoton wani mai gashin baki, ka rataya a falo. Ƙarya mugun hali ce, na tsane ta. Amma ƙaryar da ta haura shekara ɗari, tarihi ake ce mata.

2. Kada ka fita babu mayen ƙarfe

Lambar da aka fi nema ita ce Gicciyen Ƙarfe. Na gaske, cikinsa ƙarfe ne, mayen ƙarfe zai kama shi. Na jabu tagulla ce aka shafa wa baƙin fenti. In bai kama ba, ka ajiye ka yi tsaki. In ya kama ma ka yi tsaki, domin masu jabu su ma suna da mayen ƙarfe a gida.

3. Kada ka yaba kayan kowa

In aka miƙo maka lamba, juya ta baya, ka kafa mata gilashin ƙara girma, ka daɗe, sannan ka ce, "Hmm." Shi ke nan. Wanda ya ce "Kai, ta yi kyau!" baƙo ne, ba za a sake gaishe shi ba.

4. Kada ka maƙala ta a ƙirji

Doka ta hana mutum sa lambar da bai ci da guminsa ba, kunya ma ta hana. In zuciya ta matsa maka, ranar Lahadi ce, a banɗaki, ƙofa a kulle. Ka sara wa madubi irin na soja sau ɗaya ka cire.

5. Dattin shi ne dukiyar

Nan ka buɗe kunne. Baƙin da azurfar gefen gicciye ta yi cikin shekara ɗari, shi ake nema. Maƙiyinka ba ɓarawo ba ne, ranar Asabar ce, ranar shara da goge-goge.

Wendelin ya samu gicciye na gaske, na zamanin sarkin Prusiya ta tsohuwar Jamus, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Saura kwana biyar a duba shi a tebur, ya bar shi a kan taga ya tafi aski. Da ya dawo, sai ga ƙanwata Gundula da tsumma da man goge cokula.

"Maigida, zo ka ga abin naka, har fuskarka za ka gani a ciki."

Ya dafe bango. "Gundula, kin kashe ni! Shekara ɗari da hamsin kika goge!"

"Ai kuwa sun yi taurin kai, sai da na sa tsohon buroshin haƙorinka. Da ƙazantar nan za ka shiga cikin mutane, a ce ba ka da mata?"

6. In ta ɓaci, ƙwai

Wendelin ya zo wurina. "Yaya Ottmar, ka rufa min asiri."

Na yi masa faɗa na rabin awa a kan ha'inci, sannan na gaya masa yadda ake yi. Ka dafa ƙwai, ka farfasa shi da zafinsa, ka rufe shi a kwalba tare da lambar. Tururin yana mai da azurfa baƙa. Ƙwai ɗaya, minti ashirin, sai ta sha iska kwana uku.

Wendelin mutum ne mai zari. Ƙwai huɗu ya sa, ya bar su har Laraba.

Ranar Alhamis shugaban tebur, Malam Knoblauch, tsoho mai shekara tamanin, ya buɗe ɗan akwatin da Wendelin ya kawo lambar a ciki. Bai ko ɗauki gilashi ba. Mai kawo abinci da ke wucewa da tsiran alade ta tsaya ta buɗe taga.

"Malam Wendelin, jarumin nan naka a kicin ya yi yaƙi?" in ji shugaba.

"Ranka ya daɗe, warin ramin yaƙi ne."

"Ƙwai nawa?"

Wendelin ya sunkuyar da kai. "Huɗu."

"Huɗu!" in ji na kusa da shugaba. "Ɗaya ake sawa, sakarai!"

"Ɗaya da rabi in na agwagwa ne," in ji wani daga ƙarshen tebur.

"Wa ke sa na agwagwa? Shi ya sa naka suke yin shuɗi!"

Sai da shugaba ya buga cokali a kofi aka yi shiru, kowa ya tuna cewa bai taɓa jin labarin ƙwai ba. Aka ɗaga hannu a kan ko za a ba Wendelin kujerar. Ni ma na ƙi shi, zumunta daban, gaskiya daban. Aka ba wani likitan haƙori kujerar, mutumin da matarsa ta bar shi shekara tara, ba a taɓa goge ko da cokali a gidansa ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, kai ka jawo. Ban san ka ba, ban ba ka shawara ba, ban taɓa dafa ƙwai don wani abu ban da ci ba. In ka rasa kujera, ka yi haƙuri ka jira mutuwa ta gaba. Wendelin ma jira yake. Kullum da safe yana tsallaka titi ya tambayi Malam Knoblauch ya jiki.