Akwatin da Ya Yi Ja

"...ya gajiya kuma, Hajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Kai ne dai mijin banza, kwana ukku ko leƙe babu."

Hajiya Suwaibatu tana ɗinkin hula a ƙofar ɗakinta a Ƙanƙara, jikanta Nata'ala ya zube gefen tabarma, fuska a murtuke. Tun hantsi yake fama da fom ɗin shiga makarantar koyon jinya a waya, ga shi ƙarfe huɗu za a rufe. In ya wuce yau, sai baɗi. Duk sanda ya danna, sai abin ya ce a gyara akwatin da ya yi ja. Shi kuwa bawan Allah, akwatunan nan goma sha biyu duk iri ɗaya yake ganinsu. Tsoro ya gama kama shi.

"Miƙo in gani," in ji ta.

"Ke? Tsohuwar da ta girmi boko? Kada ki ɗinke min waya."

"Na girmi boko, amma ban girmi ido ba. Mi aka ce ka nema?"

"Ja. Kuma babu ja, ƙarya suke."

Ta karɓa, ta nesanta wayar da fuskarta, ta dangwala yatsa. "Wanga fa? Duk kore ne, shi kaɗai ya yi jawur kamar gauta."

"Wallahi ɗaya suke!"

"To rantse ka ƙara, makahon miji."

Ya duba akwatin da kyau. Lambar wayarsa ce, ƙwaya ɗaya ta ɓace. Ya cike, ya danna. Fom ya wuce. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya miƙe ƙafafu, sanyi ya ratsa shi har ɓargo.

"Su kuma masu yin abin, hannunsu ciwo yake?" ta ce. "Su rubuta maka ga inda ka ɓata mana, ko su sa alama. Sai launi, kamar masu rini!"

Sai kuma ta ƙura masa ido. "Dakata. Shekara nawa ina aikenka tumatir kana kawo min ɗanye shataf? Ashe ba iskanci ba ne, idonka ne ba ya raba ja da kore?"

"Na sha faɗa miki nunannu na zaɓo, ki bi ni da muciya."

Tausayi ya kama ta, amma ba ta bari ya gani ba. "Muciyar ma ta gyara ka."

Ya fashe da dariya. "Na sallama, amarya. Yau goro har na sati, ni zan saya."

"Ja nake so. Ka faɗa wa mai goro da baki, kada ka kuskura ka zaɓa da kanka."