Nomau a Ƙarƙashin Akawali

Wani mutum ne a garinmu, Nomau, wanda in aka ɗauko zancen doki to sai kowa ya kama bakinsa. A teburin mai shayi yake baje kolinsa. Wai a barga aka yanke masa cibiya. Wai ya taɓa yin sukuwa daga Gumel har Haɗeja da kofin shayi a hannu, ko ɗigo bai zuba ba. Mu da muka san shi tun yana yawo ba wando, ko jaki ba mu taɓa ganin ya hau ba. Amma wa zai ɓata bakinsa? Sai mu kurɓi shayinmu mu gyaɗa kai.

Ana nan sai aka ji Alhaji Barau na neman mai kula da dokinsa, wani baƙin ingarma da ake kira Akawali. Tsohon da ke kula da shi, Baba Jatau, ciwon gwiwa ya hana shi sakat. Aikin ya haɗa da koya wa 'ya'yan Alhaji uku hawa, ba tare da wani ya karye ba. A kan haka za a ba mutum ɗaki da tuwo safe da yamma. Nomau kuwa wata huɗu ke nan yana kwana a shagon ƙaninsa, tsakanin buhunan albasa. Da ya ji an ambaci ɗaki, sai yawunsa ya tsinke.

Da la'asar ya isa gidan, yana tafe yana buɗa ƙafa kamar yanzu ya sauko daga sirdi. Alhaji na zaune a kan tabarma, Baba Jatau na gefe, yaran sun jeru.

Alhaji ya ce, "Nomau, 'ya'yana zan damƙa maka. Ka tabbata ka san doki?"

"Alhaji, ai doki ne ya san ni."

Ya juya wajen yaran ya gyara murya. "Ku buɗe kunne. Ba a bin bayan doki, harbi ɗaya ya isa. Ba a ihu kusa da shi. In za ku matso, ta wajen kafaɗa, ya gan ku tukuna. In za ku ba shi abu, ku shimfiɗa tafin hannu, kada ya haɗa da yatsa."

Gaskiya duk daidai ne, don a bakin Baba Jatau ya tsince su wajen hira. Alhaji ya gyaɗa kai. Nomau ya ji kamar har an miƙa masa makullin ɗakin.

"To, ɗaura sirdi ka ɗan zaga mu gani," in ji Alhaji.

Nomau ya dake. Ya ɗora sirdi, ya zagayo da majayi, ɗamarar nan da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, ya ja iya ƙarfinsa. Abin da bai tsinta a wajen hira ba shi ne, doki yana da wayo: in ya ji za a ɗaure shi sai ya kumbura ciki. Dole a ɗan taka da shi, ya saki iska, sannan a sake ja.

Lantana, ƙaramar cikin yaran, ta ce, "Kawu, ba ka sake ja ba. Baba Jatau sau biyu yake ja."

"Ke, wancan jan tsofaffi ne. Ni sau ɗaya nake ja, doki ya ji a jikinsa."

Baba Jatau ya ce, "Ɗana, da ka ɗan zaga da shi..."

"Baba, huta abinka. Ka yi naka zamanin."

Ya sa ƙafa a likkafa, ya yunƙura, da ƙyar da jiɓin goshi ya daidaita a sama. Ganin bai faɗo ba, har ya ɗaga hannu yana jinjina wa Alhaji.

Sai Akawali ya yi fuuu, cikinsa ya sace.

Sirdi ya fara karkata a hankali. Nomau ya karkata tare da shi, hannunsa na nan a sama. Suuu, sai ga shi a ƙarƙashin cikin doki, ƙafafu a maƙale cikin likkafa, ya rungume sirdi, hularsa na birgima a ƙasa.

Baba Jatau ya manta da gwiwa, ya yi wuf ya cafke linzami. "Yara, ku ja baya. Kowa ya yi shiru." Allah ya taimaka Akawali ba mai firgita ba ne, ya tsaya cak.

Alhaji ya leƙo. "Nomau, lafiya?"

Murya ta fito daga ƙasa. "Lafiya lau, Alhaji. Majayin nake dubawa. Mu gwanaye ta nan muke duba shi."

Bai rufe baki ba Akawali ya ɗan buɗa ƙafafun baya, ya gyara tsayuwa. Baba Jatau ya san abin da ke tafe, ya kau da kai. Shaaa, sai fitsari. Tun daga ƙirji har gemu, ba inda aka bari a bushe.

Yaran suka toshe baki da hannu, kafaɗunsu na girgiza. Lantana ta matsa kusa da mahaifinta ta ce, "Abba, mu ma haka za a koya mana?"

Alhaji ya miƙe yana share hawayen dariya da hannun riga. "A zaro shi, a ba shi sabulu da ruwa. Maganar aiki kuwa, Nomau, ba sai na ce komai ba. Dokin ya riga ya ba ka amsa."