Anti Ƙwas-ƙwas ta Tarbi Mai Kamfani

"Ni bayana ƙarfe ne! Shekara goma ina kan tsini, ko sau ɗaya ban taɓa cewa wash ba."

Haka Anti Ƙwas-ƙwas take cika baki kullum a ofis. Sakatariya ce, ƙarar takalminta ce ta jawo mata sunan. In ta hau takalmin nan nata mai tsini, sai ƙugu ya yi baya, ƙirji ya yi gaba, tana tafe kamar agwagwa a kan tayil, amma a ranta duk kamfanin babu mai tafiyarta.

Gaskiyar magana kuwa, ɗan'uwa, bayan nan ya gama jigata. A ɓoye ta je asibiti, likita ya ce, "Tsinin nan yana tura nauyinki kan yatsu, ƙugunki ke shan wahalar. Ki sauko ƙasa."

"Likita, ka taɓa ganin babbar mace a silifas?"

Ana cikin haka manaja ya sanar cewa mai kamfani zai zo ran Litinin, kuma wadda ta iya tarbarsa ita za a ba shugabancin sashen karɓar baƙi. Anti ta harari mai buga takardu, abokiyar takararta, ta fita ta sayo takalmin da ya fi na da tsawo.

Ran Litinin ta tashi baya ya ƙi miƙewa. Ta kwashi rabin kwalbar man zafi ta shafe. Tana shiga ofis aka kama atishawa, idon kowa na hawaye.

"Warin me nake ji haka?" in ji manaja.

"Mai shara ce, ranka ya daɗe. Na sha yi mata magana."

Da man zafin ya ƙi aiki, ta shige banɗaki ta ɗaure ƙugu tamau da gyale ta cikin riga. Baya ya miƙe, numfashi ya ƙi fita. Zama ya gagara, ta kafe a bakin ƙofa awa uku, gumi na wanke hoda.

"Anti, ga kujera," in ji mai buga takardu.

"Kujera ta ragwaye ce."

Can sai ga mai kamfani, dattijo mai tabarau. Yana taka ƙofa warin man zafi ya buge shi, ya yi wata irin atishawa, tabarau ya faɗi ƙasa. Mai buga takardu ta yunƙura, Anti ta bangaje ta, ta sunkuya da yanga ta cafke.

Ƙas!

Baya ya kulle. Ta yi sama, ya ƙi. Ta cije leɓe ta sake, ya ƙi. Ga ta nan a duƙe a kan tsini, tabarau a hannu, kunya kamar ta nutse.

"Anti, miƙe mana," manaja ya raɗa mata.

"Ladabi nake yi," ta ce da ƙyar.

Dattijo dai ba ya gani sosai sai da tabarau. Ya ƙura wa abin da ke gabansa ido, ya shaƙi man zafi, tausayi ya kama shi. Ya juya ga manaja a fusace.

"Kai ba ka tsoron Allah? Tsohuwa kamar wannan kake tsayarwa a ƙofa? A yi mata ritaya yau ɗin nan!" Ya dafa kafaɗar Anti a hankali. "Sannu Kaka, je ki gida ki huta cikin jikokinki."