Layin Ina Zuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Asabar da na tara mutanen unguwarmu da kaina, na kafa musu rumfa, na jera kujeru, don kawai su zo su kalli yadda zan ji kunya.

Layinmu ɗan siriri ne a Haɗeja, ta inda gari ke gangarawa bakin kogi. Adaidaita sahu biyu ba sa iya gifta juna a cikinsa. Tun da na buɗe ido ake ce masa Layin Ina Zuwa, kuma a gida an gaya mini daga kakana, Malam Habu masunci, sunan ya samo asali. Wai shekarar da ruwa ya ci unguwar shi kaɗai ke da kwale-kwale, duk wanda ya ƙwala masa kira sai ya ce, "Ina zuwa!" Iyakar abin da ake faɗa ke nan. Sauran ni na ƙarasa da kaina (malamin tarihi ne ni a sakandare, Allah Ya yafe mini). A nawa lissafin, kakana ya tsamo unguwa kaf, har da awaki.

Da aka zo sanya wa layuka allunan suna, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na rubuta takarda, na yi ta zarya wajen kansila, a rubuta "Titin Malam Habu Ina Zuwa". Da na kai wa mai unguwa ya sa hannu, ya daɗe yana kallon takardar.

"Malam, ka yi shawara da manya kuwa?"

"Ranka ya daɗe, ai tarihi ne, ba ya ɓuya."

Ya sa hannu, ya miƙo mini takardar. (Na fito ina cewa a raina hassada ce.)

Ranar buɗe allo na sha babbar riga, na kwaso ɗalibaina aji guda. Na riƙe lasifika na yi ta zuba: jarumta, sadaukarwa, gadon alheri. Tsofaffin layin duk sun sunkuyar da kai. Ni a zatona jawabina ne ya ratsa su.

Da na tsaya a nan da na tsira. Sai na hango Iya Talatu mai daddawa, wadda ta fi kowa shekaru a layin, na nufe ta.

"Iya, ke kin gani da idonki. Ki gaya wa yaran nan."

"Ka bar ni, ɗan nan."

"Haba Iya, ko kalma biyu." Na kai mata lasifikar har bakinta.

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Na gani. Muna kan tudun bayan masallaci, gidajenmu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kakanka ya zo wucewa, jirginsa cike da buhunan shinkafarsa da busasshen kifi. Babanmu ya ce, Habu, ka ɗauki yaran nan, mu ka bar mu. Ya ce, ina zuwa. Kwana biyu muna kallon hanya. Ƙanena Sale zazzaɓi ya kama shi, a goye a bayan innarmu ya cika. Kakanka sai da ruwa ya janye ya dawo. Sunan nan ba yabo ba ne, ɗan nan. Iyayenmu suka sa shi don kada a manta."

Har ƙarshen layi an ji, don lasifikar mai kyau na samo. Kansila ya shiga latsa wayarsa. Ni kuwa ina tsaye da igiyar ƙyallen da ke rufe allon a hannuna, na rasa ko in ja ko in saki. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar na je wajen Goggo Ladi, yayar mahaifina.

"Goggo, kun san wannan maganar?"

"Kowa ya sani."

"To me ya hana ku gaya mini?"

"Ka tambaya? Shekara da shekaru muna lallaɓawa, muna gaida mutane da ladabi, har yaran yanzu ba su san komai ba. Kai ka zo da bokonka ka tone mu a bainar jama'a."

Washegari na je na durƙusa wa Iya Talatu. Ta ce ba ni na tuƙa jirgin ba, in tashi. Ban san me ya sa wannan ta fi mini zafi ba.

An cire allon, ba a sa wani ba. A makaranta kuwa, har yau idan na kira ɗalibi ya fito gaban aji, sai wani daga baya ya maƙe murya ya ce, "Ina zuwa, Malam." Ba na ko juyawa. Da wane bakin?

Darasin da na koya bai da yawa: kafin ka yi wa mamaci kirari, ka fara dubawa ko waɗanda suka san shi sun gama mutuwa.