Tsugunnon Neman Aure a Shehuri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida kawun Hajiya Falmata, ranar da ƙafafuna suka yi min yajin aiki a gaban surukan da ban ma samu ba tukuna.

Ni ɗan kasuwar kifi ne, a kasuwar Baga Road na tsufa. Bayan rasuwar uwar yarana zaman kaɗaici ya ishe ni, sai na fara zuwa wajen Hajiya Falmata, bazawara mai sayar da turaren wuta a unguwar Bolori. Sharaɗinta ɗaya ne: "Alhaji, na yi jinyar miji har Allah ya karɓi abinsa. Ba zan sake auren jinya ba." Na shafa tumbina na ce, "Hajiya, dubi nan. Mara lafiya yana ajiye irin wannan?"

Ana cikin haka 'yata Yagana, ma'aikaciyar asibiti (ni na kai ta makaranta, yanzu a kaina take gwada karatun), ta zo min da tef irin na tela. Ta auna ƙuguna, ta auna sharaɓar ƙafata, ta ce in matse hannunta iya ƙarfina. Ta riga ta sa an ɗebi jinina kuma.

"Baba, ciki yana gaba, ƙafa tana baya. Sukari da kitsen jininka sun hau, tsokarka kuma tana zagwanyewa. Nauyin nan da kake taƙama da shi kitse ne."

Na ce, "Yarinya, a aji huɗu na bar firamare, amma ko a can an koya mana babba ya fi ƙarami. Naɗe igiyarki."

Ranar gaisuwa na zuba babbar riga, na karkata hulata zanna, na sha turare har mai Keke yana atishawa. Na tarar da Baba Goni, kawun Hajiya, a zauren gidansa a unguwar Shehuri tare da yayyenta maza. Aka miƙo min kujera, na ƙi. Mai neman aure ai yaro ne. Na durƙushe na tsuguna kamar ɗan shekara ashirin, ina tafa hannu a hankali ina gaisuwa irin tamu: wushe, wushe.

Da gaisuwa ta ƙare tsohon ya ce, "To, tashi ka zauna, Alhaji."

Na ba ƙafafuna umarni. Shiru. Na sake. Shiru. To ni ba a kama ni da sauƙi, sai na ɗora sabuwar gaisuwa. Ya iyali? Ya zafi? Ya mutanen unguwa? Ya awakin gida?

"Alhaji, ba mu da awaki."

"To, Allah ya kawo su."

Da na ga gaisuwa ta ƙare min ƙaƙaf, na yi bisimilla na yunƙura. Gwiwa ta ƙi, tumbi ya rinjaya, sai ga ni rigingine. Riga ta rufe min fuska, ƙafar wando ta zame har gwiwa, ƙafafu a sama kamar karan gero. Na ji babban yayanta yana cewa, "La ilaha! Wannan buhun a kan waɗannan tsinkayen yake yawo?" A bayan labule kuwa wata dariya ta ɓalle, dariyar da na sani sarai. Ƙarti biyu suka ɗago ni (ɗaya har da nishi, don wulaƙanci).

Da yamma Hajiya ta kira ni a waya. "Ban ce a'a ba, Alhaji. Amma sai ranar da ka tsuguna ka tashi ba hannun kowa, sannan ka turo magabata."

Yanzu kullum da safe ina taka ƙasa har kasuwa. Shayi ba sukari, wake da kifi a kwanona, Yagana kuma tana tsaye a kaina ina zauna-tashi a kujera kamar wanda aka ba horo. Jiya na miƙe da dafa bango kawai. Bangon ma kwanansa ya kusa ƙarewa, ku fara ɗinkin biki.

Shawarata ga tsofaffi 'yan'uwana: kafin ka fita neman aure, kar ka nemi ra'ayin tumbi, ƙafa za ka tambaya. In kuma surukai suka ba ka kujera, don girman Allah karɓi abinka.